Sojan Roba a Ƙasar Ƴan Lifidi

A watan Disamba na 2023 sojan Faransa na ƙarshe ya bar Nijar, na Amurka kuma suka bi sawu a 2024. Aka yi guɗa, aka ce ƙasa ta koma hannun masu ita. Amma akwai wata runduna da ba wanda ya ba ta wa'adin tashi. Duk mai bin babbar hanya daga Gidan Runji zuwa Agye da Gazawa, in ya ratsa kasuwa gab da salla, zai tarar da ita baje a gaban ƴan koli: sojojin roba da bindigogin roba, babu suna, babu asali. Su muke saya wa ƴaƴanmu, sannan mu dawo muna kukan yaran yanzu ba su san tarihi ba.

Waɗanda suka ƙago wannan haja sun san abin da suke yi. A 1964 kamfanin Hasbro na Amurka ya fito da sojan wasa mai suna G.I. Joe. A 1982 ya mayar da shi ƙarami, bai kai santimita 10 ba, ya haɗa shi da mujallar labarin zane ta Marvel wadda Larry Hama ya rubuta, ta yi fitowa 155 kafin ta tsaya a 1994. Kowane soja da katinsa: sunansa, garin haihuwarsa, gwanintarsa. Yaro na wasa, yana haddace labarin ƙasarsa yadda masu kuɗinta suke so ya haddace.

Abin da ya fi wannan ban kunya gare mu shi ne aikin wasu masu sha'awa a can. Akwai jaruman zane da aka manta, irin su Gravedigger na kamfanin DC, baƙar fatar da aka sa haƙar kabari a Yaƙin Duniya na Biyu saboda launinsa, wanda mujallarsa ta fara a 1977 ta mutu a 1980. Idan kamfani bai ga riba ba wajen ƙera irin waɗannan, sai mutum ya zauna a ɗakinsa, ya ciro kan wannan soja da hannun wancan, ya liƙa, ya sassaƙa hula, ya shafa fenti, har jarumin ya tsaya da ƙafarsa. Wannan wahala duka domin mutumin da ba a taɓa haifa ba, bai taɓa zubar da ɗigon jini ba!

To mu fa? Tsibirin Gobir yana cikin gundumar Gidan Runji. Bayan an kashe Sarkin Gobir Ali a Gawakuke a 1836, Mayaƙi ya tattara Gobirawan da suka watse ya kafa wannan gari. Ɗan Baskore ya yi sama da shekara 20 yana sarautar Maraɗi, sirdi bai huta ba. Sarauniya Mangu ta tari rundunar Voulet da Chanoine a Lugu a 1899, su biyun kuma a Maijirgi, nan kusa da Tasawa, sojojinsu suka harbe su cikin watan Yuli na wannan shekara. Abdoulaye Mamani ya rubuta littafin Sarauniya a 1980, Med Hondo ya mayar da shi fim a 1986. Wane yaro ne a Gazawa ya taɓa riƙe siffarta a hannu? Ba rashin gwanaye ba ne. Muna da maƙera da masassaƙa, muna da dukawa masu sarrafa fatar jar akuyar Maraɗi wadda duniya ta sani. Yaran da ke gina doki da yumɓu a bakin tabki, suna ƙera mota da kara, su ne muke kora da tsawa, wai suna ɓata tufafi.

Na san abin da za a ce. Wani zai ce gumaka ne. Sai ya koma ga hadisin da Abu Dawud ya ruwaito, inda Manzon Allah (SAW) ya ga doki mai fukafukai cikin kayan wasan Nana A'isha, ya yi dariya, bai hana ba. Kuma me ya sa wannan tsantseni ba ya tashi sai a kan dokin yumɓu, na roba yana wucewa salin-alin?

Wani zai ce, kuma maganarsa ta fi nauyi, yankin da ya karɓi dubban ƴan gudun hijira daga Sakkwato, Zamfara da Katsina tun 2019 ba ya bukatar wasan yaƙi. Gaskiya ne yaranmu sun ga bindiga ta gaske. Shi ya sa sojan roba ya fi haɗari: bindiga ce tsirara, ba dalili, ba hisabi. Ɗan lifidi kuwa da labarinsa yake zuwa, labarin kuma ba na waliyyai ba ne. Mayaƙan Maraɗi da na Tsibiri sun ƙone garuruwa, sun kama bayi, kamar yadda aka yi musu. Yaron da ya riƙe Ɗan Baskore zai tambayi kakarsa wane ne, a nan ne zai ji abin alfahari da abin nadama tare. Roba ba ta haifar da tambaya.

Saboda haka ba hana shigo da kaya nake nema ba. Hani aikin rago ne. Ina kira ga fadar Tsibiri da ta buɗe wa masu zane da masu sana'a ƙofa su ga sulke, kwalkwali da garkuwa da idonsu. Malaman lakwal su daina ɗaukar ginin yumɓu a matsayin shiririta, su sa shi cikin darasin tarihi. Marubutanmu su dubi Fayez Samb na Senegal, wanda ya zana labarin sojojin Afirka na zamanin mulkin mallaka, su ba bakin marokan fada takarda da launi tun masu riƙe da labarin suna da rai.

Zanen aro ba ya rufe katara. Mun sallami baƙin da ke bariki. Saura na cikin aljihun yaro.