Yawon Sallah a jirgin haya: ku ɗauki mai jirgin da ya ce "a'a"



Daren Talata, bayan mun rufe shirin gaishe-gaishe, wani saƙon murya ya shigo mana ta WhatsApp daga Abijan. Ƙanenmu ne ɗan yankin nan, ba za mu faɗi sunansa ba, shi ne ma'ajin wata ƴar ƙungiya ta samarin garinsu da ke can kurmi. Ya ce bana sun gaji da yawon Sallah na ƙasa. Sun yi karo-karo jikka biyar-biyar, za su ɗauki hayar pinas, wato irin kwale-kwalen nan mai inji da rumfa, tare da matuƙinsa, su wuni a tsibirin Boulay da ke cikin ruwan Ebrié, wancan babban tabki da Abijan ke zaune a bakinsa. Za a tahi da gasasshen nama da lemo da lasifika.

Su 38 ne, har da mata da yara ƙanana. Mai pinas na farko da sunka samu ya ce mutum 25 zai ɗauka, ba ƙari, kuma kafin rana ta yi sanyi a juyo. Na biyu ya ce su zo duka, har ya rage musu jikka goma. Ba shawara ƙanen namu ya kira nema ba, domin sun riga sun zaɓi na biyu. So yake mu sanar da tahiyar a rediyo, mu sa musu waƙa, mutanen gida su ji cewa ƴaƴansu ma sun shiga jirgin ruwa.

Ba mu karanta gaisuwar ba tukuna. Ga dalili.

Mun san inda sha'awar ta samo asali, don mu ma muna ganin bidiyon nan a Facebook da TikTok: farin jirgi a kan shuɗin ruwa, Zanzibar ko Seshel ko tsibiran Karibiya, mutum ya miƙe ƙafa ana kawo masa kifi a faranti. Babu laifi a sha'awa. Wanda ya shekara yana tura amalanke a Adjamé ko yana yawon talla a Treichville yana da haƙƙin ya huta wuni guda, kuma ba mu cikin masu cewa duk kuɗin da bai zo gida ba ɓarna ne. Amma tunda abin nan muke son kwaikwayo, bari mu dubi yadda masu shi ke shirya shi, don bidiyon ba ya nuna wannan ɓangare.

Mai kuɗin da zai yi shatar irin wannan jirgi na mako guda, da watanni yake fara shiri. Yana duba lokaci tukuna: a Karibiya, daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba lokacin guguwa ne, shi ya sa galibin masu haya ke zuwa da sanyi. Jirgin yana zuwa da ma'aikatansa, kyaftin da mai dafa abinci, babba kuma har da mai kula da inji da masu aikin bene. Ana sa hannu a takarda, a ba da kafin alƙalami, a ware kuɗin mai da na abinci daban. Ana aika sunan kowane fasinja tun kafin ranar tashi, har da shekarun yara da wanda bai iya iyo ba. Kafin a kwance igiya, kyaftin yana tara kowa ya nuna masa inda rigar ceto take, wadda muke ce ma jile, da yadda ake ɗaura ta.

Sai abu biyu da sunka fi ɗaukar mana hankali. Na farko, yawancin jiragen nan, komai girmansu, baƙi 12 kawai suke ɗauka. Ba don wuri ya yi kaɗan ba. Dokar teku ta duniya, wadda ake kira SOLAS, da anka fara tsarawa a 1914 bayan nutsewar Titanic a 1912, ta ce jirgin da ya ɗauki fiye da fasinja 12 ya zama jirgin fasinja, sai ya cika wasu sharuɗɗa masu tsauri. Na biyu, a takardar hayar an rubuta cewa maganar kyaftin ita ce ta ƙarshe a kan duk abin da ya shafi tsaron jirgi. Ka biya miliyoyin sefa, ka ce yau tsibiri kaza kake so, ya dubi sama ya dubi rahoton meteyo ya ce ba a zuwa, to ba a zuwa. Attajirin da ko direbansa ba ya iya musa masa a tudu, a kan ruwa sai ya yi shiru.

Ke nan abin da ya fi tsada a cikin kuɗin nan ba katifa ba ce, ba kifin ba ne. Mutum ne da ya san ruwa, wanda aka biya shi har ya iya ce maka a'a. Ƙannenmu na Abijan sun samu irin wannan mutum a kan kuɗi kaɗan, sai sunka bar shi don wani ya rage jikka goma.

Mu faɗa ma kanmu gaskiya, mu mutanen Adar ba mu san ruwa ba. A lekwal mushe ya koya mana cewa Nijar ƙasa ce da ba ta da gaɓar teku, munka haddace, munka rubuta a jarrabawa, amma ba wanda ya koya mana iyo. Ruwan da munka sani na rijiya ne da na guga, sai tabkin damina da yara ke wasa a gefensa, sai gulbin Majiya idan ya kawo. Cinikin mota kuwa mun iya. Mun saba a ce mota ta cika, mu ce a matsa, a ɗora mutum a kan buhun albasa, in ta lalace a hanya a sauka a zauna gindin itace a jira. Wannan hali muke ɗauka mu kai bakin ruwa. To jirgi in ya gaza, babu gindin itacen da za a zauna.

Ba tsoratarwa muke yi ba, abin ya sha faruwa, kuma sau da yawa ranar murna. A ƙarshen Nuwamban 2021, a Bagwai ta jihar Kano, kwale-kwale ya kife da ɗaliban Islamiyya da ke hanyar zuwa Maulidi, aƙalla mutum 29 sunka rasu, yawancinsu yara. A Yunin 2023, a yankin Patigi na jihar Kwara, masu dawowa daga biki cikin dare sunka nutse a kogin Kwara, fiye da mutum 100. Babba a cikinsu shi ne Joola na Senegal, ranar 26 ga Satumban 2002, daga Ziguinchor zuwa Dakar: jirgin da aka gina don mutum ɗari biyar da wani abu, hukuma ta ƙirga mamata 1,863, mutum 64 kawai sunka tsira. Allah ya jiƙansu. A duk ukun nan an yi maganar lodi fiye da kima. Kuma ku tuna, kowane mutum da aka ƙara a kan lodin, akwai wanda ya roƙa a ƙara shi, akwai wanda ya ji kunyar hanawa.

Kunyar nan ita ce ainihin matsalar, ba jikka goma ba. Da munka sake kiran ma'ajin, abin da ya ce ke nan: "Yaya, wa zan ce ma ya zauna? Duk ɗaki ɗaya muke kwana, kowa ya ba da kuɗinsa." Mun fahimce shi sarai. Wanda ya yi zaman bida ya san cewa mutanen garinku su ne asibitinka, su ne bankinka, su ne za su kai gawarka in ta Allah ta kasance. Ka ware mutum 13 ka ce ba su zuwa, maganar sai ta riga ka isa gida. Amma ba a ce a bar kowa ba. Tsibirin Boulay ba Makka ba ne, daga gaɓa ana hango shi. Jirgi ɗaya zai iya yin sawu biyu, ko a ɗauki jirgi biyu, kowa ya ƙara jikka ɗaya ko biyu. In kuɗin bai kai ba, a rage lemo, a bar lasifikar haya. Lasifika ba ta iyo.

Wani zai ce, to ai wannan dokar masu kuɗi ce, talaka ina ya ga jile? Akwai gaskiya a ciki. Matar da ke ƙetara kogi zuwa kasuwa a Gaya ko Ayoru ba ta da zaɓi, jirgin da ya zo shi za ta shiga, kuma wannan nauyi ne a wuyan hukuma, magana ce ta wata rana. Amma yawon shaƙatawa ba dole ba ne. Ku kunka zaɓi rana, ku kunka zaɓi jirgi, kuɗin yana hannunku. A nan talaka yana da ikon da attajirin can yake da shi: ya ce ba zan biya ba sai na ga abin da nake so. Wani kuma zai ce kwana in ya ƙare ya ƙare. Haka ne, mun yi imani. Amma mutumin nan da ke faɗin haka, ba mu taɓa ganin ya bar shagonsa buɗe ya tahi masallaci ba.

Saboda haka ga abin da munka gaya musu, muna kuma gaya ma duk ƙungiyar da ke irin wannan shiri a Lome ko Kwatano ko Legas. Ku je ku ga jirgin da idonku kwana biyu kafin ranar, ba hotonsa a waya ba. Ku ƙirga jile ɗaya bayan ɗaya, ku tambayi na yara, don na babba zamewa yake daga jikin yaro. Ku yi ciniki a kan jirgi da wuni, kada ku yi a kan kai, domin wanda ake biya kai-kai ba zai taɓa cewa jirgi ya cika ba. A rubuta sunayen masu tahiya a bar takardar hannun wanda ya zauna a gida, da lambar mai jirgin. A tsai da lokacin dawowa da sauran rana. Sannan a naɗa mutum ɗaya mai faɗa a ji, wanda aikinsa kawai shi ne ya goyi bayan matuƙi: in ya ce a zauna, a zauna, in ya ce a daina taruwa gefe ɗaya don ɗaukar hoto, a daina. Jiragen nan ƙanana, mutum goma su tashi lokaci guda su koma ɓangare ɗaya, ya isa.

Maganar ba ta tsaya kurmi ba. Nan gida ma samari sun fara ɗaukar mota ranar Sallah su nufi tabkin Tabalak a kan hanyar Tawa zuwa Abalak, wasu kuma ruwan Keita idan ya cika. A je a samu masunci, a ba shi ɗan abu, a cika kwale-kwalensa na kamun kifi da mutanen da ko ɗaya bai iya iyo ba, kowa waya a hannu. Kwale-kwalen an yi shi ne don mutum biyu ko uku da taru. Idan masuncin ya ce huɗu-huɗu zai ɗauka, kada a ce masa ya cika tsoro, kada a ɗaga masa kuɗi don ya canza magana. Shi ke kwana a ruwan, ya san inda yake da zurfi, ya san inda laka take riƙe ƙafa. Iyaye kuma, in yaro ya ce za su Tabalak, a tambaye shi ko za a shiga ruwa, da wa, su nawa.

Ma'ajin ya ce za su yi taro daren Juma'a bayan isha'i. Lambar mai pinas na farko tana nan cikin wayarsa, bai goge ba. Mun yi masa alkawari, in sunka koma gare shi, ko sawu biyu ko jirgi biyu, za mu karanta sunayen su 38 ɗaya bayan ɗaya a shirin jajibirin Sallah, da waƙar da sunka zaɓa, kyauta. Iyayensu da ke saurarenmu a nan, kun san ƴaƴanku, kun san wace ƙungiya muke nufi. Ku kira su kafin Juma'a.