Harafin "p" da aljihun uba

A Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure, ɗalibin da ya taso a Roni ko Gwiwa yakan san amsar tambaya sarai, amma ya kame bakinsa don gudun kada "p" ta fito masa "f" a yi masa dariya. Hausa ba ta rarrabe waɗannan sautuka biyu. Guda ɗaya gare ta, wanda ake furtawa da leɓɓa. Ba ta da "v" kuma, shi ya sa "b" ke maye gurbinta. Bayarabe ma yakan yar da "h" a farkon kalma.

Abin mamaki, Arewa ta taɓa yin suna da tsabtar lafazin Turanci. Kwalejin Katsina ta horar da ɗalibai a hannun malamai Turawa, cikinsu har da Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya yi jawabi a majalisar dokokin Amurka a 1961. Sai dai su 'yan tsiraru ne zaɓaɓɓu, kuma tun daga lokacin lafazi ya zama alamar gata. Har yau wanda ya yi makarantar kuɗi a Kano daban ake jin sa da ɗan firamaren gwamnati a Babura, inda malami ke karanta Turanci yana fassarawa da Hausa. Saboda haka jami'in ɗaukar ma'aikata da ya rage wa matashi maki don "p" ɗinsa, aljihun uban yaron ya auna, alhali gyaran inji ko lissafin kuɗi za a ɗauke shi ya yi.