Kada ka gwada sabon VPN a kenel ɗin wayar da kake cin abinci da ita

Makon jiya wani matashi ya kawo min waya shagona a nan Kutama, ta tsaya cak a kan tambarin kamfani. A wani guruf aka ba shi sabon kenel mai ɗauke da WireGuard, wai don VPN ɗinsa ya ƙara gudu. Tun wajen buɗe butloda hotunan sunan ɗansa suka goge. Filashin na yi mata ta tashi, amma hotunan sun tafi.

Kenel shi ne tushen Android ɗinka, shi ke sarrafa batir, sikirin da netiwok. In manhaja ta samu matsala, ita kaɗai za ta rufe. In direban da ke cikin kenel ya samu matsala, wayar gaba ɗaya ce za ta faɗi.

Ba wai WireGuard ba shi da kyau ba ne. Jason Donenfeld ne ya rubuta shi, kuma ya shiga Linux 5.6 a Maris 2020 bayan masana sun daɗe suna tantance shi. Amma dubi abin da ya faru da FreeBSD, wani tsarin kwamfuta daban: a Maris 2021, dab da fitar da 13.0, aka gano kurakurai a direban WireGuard da aka sa masa, aka cire shi. Sai a 13.2, cikin 2023, ya dawo. To in ƙwararru sun yi tuntuɓe, ina ga fayil ɗin da ba ka san wanda ya haɗa ba?

Tun da aka rufe Twitter a Yuni 2021 mutanenmu suka saba da VPN, kuma ba su taɓa kenel ba. Manhajar WireGuard ta Play Store ma tana aiki ba sai ka yi rutin ba. Ɗan gudun da za ka ƙara bai kai asarar ba, ga shi manhajojin banki da yawa ba sa buɗewa a wayar da aka yi wa rutin.

In kana son koyo, madalla, ni ma da gwaji na koya. Nemi tsohuwar waya, ko ta hannu daga Farm Centre, ka cire layinka, ka ajiye asalin fayil ɗin but kafin ka taɓa komai. Wadda kake karɓar kuɗi da ita kuwa, ka bar ta yadda take.

Mai tambaya ya ajiye a ƙasa, zan amsa in sha Allah.