Dabarun Aiki: Ɗaura Galari Bisa Kat-kat

 

A wanga wata za mu yi magana bisa galari. Galari shi ne kwandon ƙarhe da ake ɗaura ma mota a kai don a aza kaya. Mutanen Nijeriya suna ce mishi kariya. Wani za shi ce: "Malam, mu da ba mu da ko keke, mi ya haɗa mu da galari?" To, ku saurara. Wanda ba shi da mota, shi ne ke shiga motar wani. Ran Lahadi, ran kasuwar Tawa, ku dubi motocin da ke hita gari da marece, masu zuwa Afala, da Barmu, da Takanamat. Kayan da ke bisa naku ne. Mutanen da ke zaune ƙarƙashin kayan, ku ne. Kuma yanzu akwai ƙauyukan da ƴan bida sunka aiko kuɗi daga Abijan ko Libiya, anka sayi kat-kat, anka bar ta hannun ƙane ko ɗa. Shi wanga yaro, wa za shi gaya mishi?

Kat-kat iri biyu ce wajen wagga magana. Akwai tsohon yayi, su Land Rover da Toyota Land Cruiser irin wadda anka fara ƙerawa a 1984, wadda likitoci da ma'aikatan poroje ke shiga daji da ita. Waɗannan suna da ƴar magudanar ruwa ta ƙarhe a gehen kansu. Galarinsu mai ƙafa shida ne ko takwas, kowace ƙafa ta taka magudanar, nauyi shi rarrabu. Akwai kuma na baya-bayan nan, su Prado, waɗanda da yawansu sun yi aiki Turai ko Amurka kamin su iso gare mu. Su ba su da wagga magudana. Abin da suke zuwa da shi daga masana'anta sanduna biyu ne a gicciye bisa kai, ɗaya gaba, ɗaya baya. Bisa waɗannan sanduna ake ɗaura kwando. Su ne zancenmu na yau. Ku lura: duk abin da anka aza sama, ƙafa huɗu kaɗai ke ɗauke da shi.

Kamin ka sayi galari, ka nemi lamba. Kowace mota tana zuwa da littahinta. A ciki an rubuta kilo nawa kanta ke iya ɗauka in tana tahiya. Wani lokaci lambar tana manne bisa sandar kanta, da baƙaƙe biyu a bayanta: kg. Ma'anarsu kilo. Motoci da yawa lambarsu tana tsakanin kilo 50 da kilo 100. Shi ma kwando yana da tashi lamba. Mai sayarwa za shi nuna maka babbar, shi ce: "Wanga yana ɗaukar kilo 150." Ko da gaskiya ya faɗi, ba ta amfane ka ba. Ƙaramar lamba ita ce sarki. In ka ɗaura ma jaki mangala ta raƙumi, mangala ba ta yagewa, amma jakin ne za shi durƙushe.

Mu yi lissahi tare. A ce littahin ya ce kilo 75. Wagga lamba ta kwalta ce mai kyau. Mu kuwa, da ka sauka kwaltar Tawa zuwa Abalak ka nuhi ƙauye, sai gargada, da dutsi, da ƙorama, da rairai. Wasu masu ƙera galari sun ce a irin wagga hanya a rage kashi ɗaya cikin uku. Kashi ɗaya cikin uku na 75 shi ne 25. An cire, saura 50. Shi kanshi kwandon yana da nauyi, a ce kilo 20. An cire, saura 30.

Kilo 30 ke nan. Tiya 12 ta hatsi.

Buhun hatsi mai tiya 40 kilo 100 ne. Buhun simintin Malbaza kilo 50 ne. Bidon ruwa mai lita 25 kilo 25 ne, don kowace lita ta ruwa kilo ɗaya ce. Tayar ajiya ta babbar kat-kat ta kan kai kilo 30. Ragon layya mai ƙiba ya kan kai kilo 50. Buhun albasa kuwa ba a ma maganarshi. Kun ga ke nan, buhu ɗaya tak ya isa shi wuce iyaka.

Na san abin da direbobi za su ce. Za su ce yaron mota yana hawa shi tsaya bisa galari, babu abin da ke faruwa. Haka ne. Motar da ke tsaye tana ɗaukar abin da ya hi na mai tahiya nesa ba kusa ba. Abin da ke ruɗin mutane ke nan. Ka aza ma yarinya tulu bisa gammo, tana tsaye, lahiya lau. Ka ce ta yi gudu cikin kunya, ta tsallake rami. Nan ne wuya za shi gane nauyin tulu. Mota in ta faɗa rami, kaya su kan tashi sama su dawo su buga. Kowane bugu ya hi nauyin kayan. Daga Tawa zuwa Tiliya, bugu nawa ke nan? Yau noti shi kwance, gobe sanda ta tsage, jibi kwando shi zame gaba lokacin da anka taka birki.

Amma karyewar sanda ƙaramar hasara ce. Babbar ita ce kihewar mota. Ku da kuka san labtun raƙumi, kun san ba a tula kaya bisa tozo. Ana raba su biyu, a rataya gehe da gehe, su sauka ƙasa-ƙasa. Amalanken da anka tula ma kara har sama, shi ke faɗuwa a gangare. Ita kat-kat da ma doguwa ce, an ɗaga cikinta don kada ta taɓa dutsi. In anka ƙara mata nauyi a kai, sai ta riƙa rangaji. A kwana, ko a gangaren duwatsun Kaita da Buza, ko in taya ɗaya ta nutse cikin rairai wajen Tasara, ko in direba ya kauce ma saniya da sauri, nauyin sama shi ke jan ta shi kayar. Sai a ce tsautsayi. Tsautsayi akwai shi. Amma wani tsautsayin tun tasha anka ɗaura shi da igiya.

Yanzu ga yadda ake ɗaurawa.

Ka fara duba sandunan. Ka kama kowace ka girgiza. In tana motsi, a ƙara ɗaure ƙafafunta. In robar ƙafar ta tsattsage saboda rana, a sake ta tukuna. Wasu sanduna ana iya matsa su gaba ko baya. In naka haka suke, ka ware su: tsakaninsu kada shi kasa santimita 60, wato kamar taƙi uku na babban mutum. In ya kai 70 ya hi.

In maƙerin walda na gari ne ya ƙera maka kwandon, ka kai shi sikeli a auna kamin a aza. Maƙeranmu gwanaye ne, aikinsu yana da ƙwari, amma suna son ƙarhe mai kauri, su ga kamar nan ne kyan aiki yake. Duk kilon da ya ƙaru ga kwando, ga kayanka anka rage shi. Ka ce mishi kana son marar nauyi, mai gajeren baki.

Mutum biyu ke aza shi, ɗaya dama, ɗaya hagu. Ku fara yaɓa tsohon bargo bisa kan mota don kada ƙarhe shi ƙarje ta. In ya zauna, ku daidaita. A ɗauki kara ko igiya a gwada abin da ya rage dama, a gwada na hagu, su zo ɗaya. Kada a yarda da ido. Abin da ya zarce sandar gaba da abin da ya zarce ta baya su ma kada su yi nisa da juna. In ƙofar baya sama take buɗewa, ku buɗe ta duka ku gani ko tana bugun kwando. Gara a gane yanzu da a gane bayan madubi ya fashe.

Abin ɗaurin ƙarhe ne lanƙwasasshe kamar wasalin U. Bakinshi biyu suna da zare inda ake murza noti. Guda huɗu ake so, biyu ga sandar gaba, biyu ga ta baya, kowane kusa da ƙafar sanda, don nan ne ƙarhinta yake. Tsakiyar sanda ita ke lanƙwasa. Ana shigo da U daga ƙasa, shi rungumi sanda, bakinshi su ɓullo sama cikin kwando. Sai a aza ɗan faranti na ƙarhe mai huda biyu, sannan noti. Kada a juya bakin ƙasa. In anka juya, da kaya sun danne, sai tsinin shi huda kan mota, damina ta zo ruwa shi riƙa zuba ma fasinja.

A nan akwai wurin da mutane ke kuskure. Sandunan masana'anta ba kewayayyu ba ne kamar bututu. Masu faɗi ne, bayansu a ɗan gantsare. U ɗin da ya yi ƙunci ba shi zama, sai shi ciji gehe. Ka gwada faɗin sanda da kaurinta da ɗan kara, ka tahi kasuwa da karan. Tsakanin U da sanda kuma a sa ƙyallen roba na tsohon tib. Shi ne akumarin. Yana hana zamewa, yana hana ƙarhe cin ƙarhe.

Ka murza notin duka da hannu tukuna. Ka sake gwada dama da hagu. Sannan ka ɗauki kile, yawanci mai lamba 10 ko 13. Ka ɗaure kaɗan-kaɗan, a gicciye: gaba dama, baya hagu, gaba hagu, baya dama, ka sake kewayowa. Kada ka hau kile da ƙafa. Yawancin sandunan ga alminiyom ne, irin ƙarhen da ake zuba tukwane da shi, kuma cikinsu rami ne. In ka matsa da yawa sai su lotse, kuma sandar da ta lotse ta gama aiki. Saboda wannan dalili ba a huda su, ba a yi musu walda. Waldar da muka sani ba ta haɗa baƙin ƙarhe da alminiyom. Waya da igiya kuma ba abin ɗaure galari ba ne. Bisa kowane noti ka ƙara na biyu, ɗaya shi tsare ɗaya. Abin da ya rage na tsinin, a yanke ko a tura mishi guntun tiyo, don kada shi yage buhu.

In ka gama, ka sa yatsa biyu tsakanin ƙarhen U da kan mota. In ba su shiga, ya yi kusa. Sannan ka kama bakin kwando ka girgiza da ƙarhi. Motar duka ce za ta yi motsi. In kwando kaɗai ya motsa, aiki bai yi ba.

To, mi ake azawa? Abin da ke da girma amma babu nauyi: tabarmi, katifa, barguna, buhun sutura, ƙorai, bokiti, bidon da babu komi ciki. Hatsi, da siminti, da gishiri, da ruwa, wurinsu ƙasa ne cikin mota, tsakanin tayun gaba da na baya. A sama ma, abin da ya ɗan hi nauyi a sa shi tsakiya, tsakanin sanduna biyu. A ruhe da tampol, a cusa bakinshi na gaba ƙarƙashin kaya don kada iska ta shiga ta hura shi. A ɗaure da igiya mai ƙwari, gaba da baya, dama da hagu. Robar tib ita kaɗai ba ta isa ba, tana miƙewa, rana kuma tana cinye ta.

Isansi da gazuwal maganarsu dabam ce. Ba a son su cikin mota tare da mutane, saboda wari da wuta. In tilas ne a aza sama, bido ɗaya na ƙarhe mai lita 20 ya kai kusan kilo 20. Ku koma ga lissahinmu na ɗazu ku ga abin da ya rage.

Makiyaya, ku kuma ga taku. Akuya ko tunkiya da anka ɗaure bisa galari tana shan rana da iska tun daga Abalak har Tawa, kilomita hiye da 100. Tana zillo, nauyinta yana komawa gehe ɗaya. Ta iso kasuwa a galabaice, dillali shi karya mata kuɗi. Mutum kuwa, galari ba mazauninshi ba ne ko kaɗan. Ba shi da abin riƙo, reshen ƙaya yana jiran shi, birki ɗaya ya isa shi jefa shi ƙasa. In yaron mota ya ce maka ciki ya cika, hau sama, ka ce ka gode, ka jira ta baya.

Direba kuma shi tuna motarshi ta ƙara tsawo. Ƙofar gareji, da rassan itace, da wayoyin lantarki na cikin unguwa, duk shi dube su. Shi rage gudu, shi shiga kwana sannu. In ya tashi daga Tawa da sabon galari, kada shi jira Tabalak. Bayan kilomita 10 ko 15 shi tsaya shi taɓa notin da igiyoyin, don a tahiyar farko ne roba ke kwantawa, ɗauri shi saki. Bayan haka, duk sahiyar da za shi shiga daji shi bi su da kile. In ya ji wani sabon ƙara a sama, ƙwas-ƙwas ko ƙiiƙii, shi tsaya nan take. In kuma babu kayan da za a ɗauka har wata guda, a kwance kwandon a aje, don ko babu komi cikinshi yana tare iska, mota tana ƙara shan mai.

Wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi magana bisa iskar taya: nawa ake sawa bisa kwalta, nawa ake ragewa cikin rairai.