Don Kada A Ce

A watan jiya na yi alkawari za mu yi zancen yara da dogon hutu, amma ku gafarce ni, wata magana ta sha gabanta. Maganar gidanmu ce. Na kuwa nemi izinin mai ita kafin in ɗauki alƙalami, ya ce in rubuta, in dai ba zan kama sunansa ba.

Ina da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, yana aiki a Abuja. Shekara da shekaru yana cewa in zo in ga gidansa. Da aka ba da hutu a watan Agusta sai na shirya. Mama ta ƙulla mini daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa, ta auna acca a ɗan buhu, ta ce in kai wa jikokinta. Muka bi ta Keffi, muka ratsa Masaka da Mararaba da Nyanya, inda mota take tafiyar hawainiya, ban isa ba sai da la'asar.

Unguwarsu irin rukunin gidajen nan ne da ake kewayewa da katanga, ƙofa ɗaya ce ta shiga da fita. Maigadi ya tsai da ni, ya dubi buhuna, ya dubi takalmina, ya ce wa nake nema. Sai da ya buga waya aka ce ya bar ni in wuce. Ban ga laifinsa ba, aikinsa ke nan, amma ran nan ne na fara neman izinin shiga gidan ɗan'uwana. Ciki kuwa sai wanda ya gani. Gidaje iri ɗaya, fenti iri ɗaya, titi da kwalta, furanni a bakin kowace ƙofa. Ba kukan akuya, ba ƙarar turmi. An ce mini nan duk gonakin doyar Gbagyi ne kafin gwamnati ta ƙaura daga Legas a watan Disamba na 1991. A falo akwai talabijin da ta kusa kai allon ajina girma. Yara suka fito suna ce mini Ankul. Na gaishe su da harshenmu, suka dubi uwarsu. Na sāke da Hausa, suka sāke dubanta.

Ba zan ɓoye muku ba, daren farko na kwanta da alfahari. Na ce a raina, ashe wahalar da Baba ya sha a kan yaron nan ba ta faɗi ƙasa ba.

Amma malamin makaranta ba ya rasa lura. Da aka ɗauke wuta, sai injunan maƙwabta suka tashi ɗaya bayan ɗaya. Ƙanena ma ya ta da nasa, ya kunna fitilun waje, bayan sa'a guda ya kashe, muka kwana cikin zufa. Motarsa tana nan a rufe da tampol, ba ta fita sai ran Lahadi. Sauran ranaku tun kafin ƙarfe shida yake fita da ƙafa zuwa bakin babban titi, wai don ya riga cunkoso. Firji babba ne, amma ruwan sha ya fi yawa a ciki. Accan nan kuwa da Mama ta aiko, ita muka ci kwana uku a jere, murnar da matarsa ta yi da ganinta ta wuce ta ladabi.

A dare na uku, bayan yara sun yi barci, ya ce, “Yaya, ina so a raba gona.”

Na yi shiru. Ya ce rabonsa na fadamar bakin rafi yake so, akwai mai saye. Kuɗin haya zai cika a ƙarshen Janairu, mai gida kuwa ya yi ƙari, kuma na shekara guda ake biya a dunƙule. Da ya faɗi adadin sai na ga ya fi albashina na shekara biyu. Ban da wannan akwai kuɗin hidimar unguwa, na masu gadi da kwasar shara da famfon burtsatse. Ga kuɗin makarantar yara uku kowane zango. Ya riga ya ci adashensa na ofis, ya karɓi rance a ƙungiyar ma'aikata, har ya kai ga masu ba da bashi ta wayar hannu. Waɗannan su ne in ka makara kwana kaɗan sai su aika saƙo ga dukan mutanen da ke cikin wayarka, su ce kai macuci ne. Abin ya yi muni har hukumar kare hakkin masu sayayya ta Tarayya ta kai wa waɗansunsu samame a Legas a 2022. Ƙanena ya ce tsoron saƙon nan ne yake hana shi barci.

Ba caca yake yi ba, ba ya shan giya, matarsa ɗaya. Lokacin da ya kama gidan, lissafinsa yana fita, ko da yake da ƙyar. Sai aka janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023. Litar fetur da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000 a Abuja. A watan Afrilu na 2024 aka mai da yunit ɗin lantarki Naira 225 ga unguwannin da aka sa a rukunin A, ya ninka har sau uku, unguwarsu kuwa tana ciki. Albashi ya ɗan motsa, amma wa ya taɓa ganin kunkuru ya kamo zomo a fili?

Na ce masa, “To, me ya hana ka koma Karu ko Masaka, ka kama ɗaki biyu da falo, ka sa yara a makarantar da za ka iya?”

Ya ce, “Yaya, me za a ce?”

Na ce su wa? Ya fara lissafi. Abokan aikinsa, waɗanda suka zo cin abinci ran da ya tare. Maƙwabta. Iyayen abokan 'ya'yansa. 'Yan majami'arsu, inda aka sa shi cikin kwamitin gini tun da aka ga unguwar da yake zaune. Sa'an nan ya ɗaga kai ya dube ni, ya ce, “Da ku a gida.”

Nan ne maganar ta soke ni, gama gaskiya ya faɗa. Mu ne muke zama a gindin mangwaro ran jajiberen Kirsimeti muna ƙirga motocin da suka shigo gari, muna cewa ɗan wane ya zo da sabuwa, ɗan wane kuwa a motar haya ya sauka. Mama ce take gaya wa kowace mace a Zumuntar Mata cewa ɗanta yana zaune inda ake gadi da dare da rana. Ni da kaina, da hannun nan nawa, na rubuta sunansa a sahun manyan baƙi na bikin godiyar kaka shekara uku a jere, na aika masa da ambulan, aka karanta abin da ya bayar a lasifika, jama'a suka tafa. Ashe na bara bashi ya ci ya aiko. Na tafa tare da kowa.

Mukan ce zaman ƙauye sauƙi ne da shi, haka ne kuwa ta wata fuska. Ba na biyan haya. Abin da za mu ci har kaka mai zuwa yana cikin rumbu, ina iya leƙawa in gani. In jinkar ɗaki ta lalace ko noma ya fi ƙarfina, gayya nake kira, a dafa kunu a yi aiki. Babban abin kuma shi ne ƙaryar arziki ba ta da wurin zama a cikinmu. Kowa ya san dami nawa ka ɗaure bana, ya san awakinka da ƙafafunsu. In ka sa babbar riga ran Lahadi ba wanda zai ruɗe, an san kai ne dai. A unguwar ƙanena kuwa ba wanda ya san uban wani, ba wanda ya san rumbun wani. Abin da ido ya gani shi ne mutum: mota, labule, makarantar yara, hasken fitila da dare. Wanda ake aunawa da abin da ido ya gani kuwa, dole ya yi ta ciyar da idon mutane ko da cikinsa yana kuka.

Amma kada wani ya ce Malam yana kiran kowa ya tattara ya komo gida. Ni da nake zaune a nan na san abin da ke nan. A 2023 cuta ta faɗa wa citta a ƙasashen Kachia da Jaba da Kagarko, mutane suka zuba dukan abin da suke da shi a ƙasa, suka tono ruɓaɓɓe. Takin zamani ya fi ƙarfin talaka. Mace mai naƙuda a kan babur ake kai ta asibiti. Akwai ƙauyukan da ba a kwana da ido biyu rufe saboda masu satar mutane da masu kai hari da dare, waɗansu ma sun watse. Wanda ya gudu birni daga irin wannan ba son a sani ne ya kai shi ba. Ciwon nan na “kada a ce” kuma ya riga ya iso mu. Dubi yadda muke jana'iza yanzu. Dā a yi addu'a, a rufe mutum, maƙwabta su kawo abinci gidan makoki. Yanzu sai an ajiye gawa makonni a asibiti ana jiran kuɗi, a ɗinka anko, a buga takarda mai hoto, a yi hayar rumfuna da kujeru, a yanka saniya. Na san gidan da suka jinginar da gona don su binne tsohon da bai sami kuɗin magani ba yana da rai.

Abin ba yau ya fara ba. Baba yakan ba mu labarin kuɗin Udoji, ƙarin albashin da gwamnatin Gowon ta biya ma'aikata a 1975 haɗe da ariyas na watanni. Ya ce malamai da ma'aikatan En'e suka cika gari da sababbin babura da rediyo, wanda bai saya ba sai ya ji kamar an yi masa tsirara, 'yan kasuwa kuwa suka ƙara wa kome kuɗi har da gishiri. Sai dai babur sau ɗaya ake sayensa. In kuɗi ya ƙare a jingine shi a zaure. Gidan haya a unguwar masu hali kuwa kowace shekara sai ka sāke sayen mutuncinka daga farko.

Na gaya wa ƙanena maganar gona ba tawa ba ce ni kaɗai. Mama tana da rai, ga 'yan'uwanmu mata, fadamar nan kuma ita ce take ba gidan shinkafa da rake. In an sayar, kuɗin zai biya hayar shekara ɗaya, wataƙila da ɗan canji. Janairu na gaba fa, me za a sayar? Bai amsa ba. Na ce ya kawo takarda da biro mu yi lissafi kamar yadda nake sa 'yan aji shida, abin da yake shigowa a hagu, abin da yake fita a dama. Na ce kuma a kira matarsa, gama ba a yin irin wannan lissafi a bayan mai dafa abinci. Ya yi ta nauyin baki, wai ba ya so hankalinta ya tashi.

Ta zo ta zauna, ta dubi takardar har ƙasa. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, “Yaya, ni ban taɓa cewa sai nan ba. Na ɗauka shi ne yake so, saboda mutanen ofis.” Shi kuwa ya ce ai saboda ita yake ta fama, don kada ta ji kunya a cikin mata. Ta ce ankon Zumuntar Mata biyu na bana ma ba ta biya ba tukuna, tana ta kauce wa ma'aji a bakin majami'a. Shekara biyu ke nan suna kwana ɗaki ɗaya, kowa yana ɗauke da kayan da yake tsammani ɗayan ne ya ɗora masa. Muka kai ƙarfe ɗaya na dare a kan takardar nan, da fitilar waya.

A nan ina da roƙo ga dattawan ikilisiyoyinmu, da ni a ciki. Mu daina karanta adadin baikon mutum a lasifika. Mu daina zaɓen 'yan kwamiti da unguwar da suke zaune. Shugabannin mata kuma su duba, anko nawa ne mace ɗaya za ta iya ɗinkawa a shekara, alhali mafi ƙanƙantar albashi da doka ta tsayar a 2024 Naira 70,000 ne, da yawa ma ba sa samun hakan?

Da na komo gida na gaya wa Mama kome, ban rage ba. Ta daɗe ba ta ce uffan ba. Can ta ce in gaya masa ya zo Kirsimeti ko a bayan akori-kura ne, ita ɗanta take so ta gani. Ta sa aka ware masa buhun masara ɗaya da rabin buhun acca. Na je wurin magatakardan ikilisiya na ce a cire sunan ƙanena daga manyan baƙin godiyar kaka ta bana. Ya ce lafiya? Na ce lafiya lau, bana a benci zai zauna tare da mu.

Ran Asabar da ta wuce ya buga mini waya, ya ce sun je sun duba wani gida a Karu, matarsa ta ce ya yi mata, shi ne dai har yanzu yake jan ƙafa. Mai son fadamar kuma bai daina kiransa ba. Hayar za ta cika ranar 31 ga Janairu. Ku sa su cikin addu'a.

Zancen yara da hutu sai wata mai zuwa, in Ubangiji ya kai mu.