Idan Tsohon Injin Dizal Ya Fara Bugawa, A Auna Kafin A Yanke Hukunci

Ma'aikacin da ke fitowa daga Mararaba, Kubwa ko Suleja kowace asuba domin ya isa Sakateriyar Tarayya kafin ƙarfe takwas ya san muryar motarsa kamar yadda ya san muryar 'ya'yansa. Ran da wata baƙuwar ƙara ta shigo cikin rurin injin, kamar ana dukan ƙarfe da guduma a ƙarƙashin bonet, gabansa yakan faɗi tun kafin ya kai gareji, domin ya san maganar da za ta biyo baya ta kuɗin da ya zarce albashin watanni ce.

Ma'aikata da hadiman manya da yawa a Abuja na riƙe da tsofaffin motoci masu amfani da man gas: Toyota Hilux ko Land Cruiser da aka samu a gwanjon motocin hukuma, ko tsohuwar Marsandi 300D da aka gada. Tun da gwamnatin Obasanjo ta mayar da alawus ɗin mota da na gida zuwa kuɗi a 2003, ɗawainiyar mota ta koma wuyan ma'aikaci. Daga watan Yunin 2023 kuma, da aka bar kasuwa ta yi wa Naira farashi, duk wani ƙarfe da ke shigowa daga waje ya yi tashin gwauron zabi, alhali mafi ƙarancin albashi Naira 70,000 ne tun Yulin 2024. A irin wannan hali, kuskure ɗaya a kan inji na iya cinye bashin ƙungiyar adashen ofis na shekara guda.

Shawarar da aka fi ji a Apo da sauran garejin birnin ita ce: "Oga, injin ya buga, a sa tokumbo kawai." Shawara ce mai sauƙi ga bakanike, domin sauke inji a ɗora wani aikin kwana ɗaya ko biyu ne, kuma sau da yawa yana da la'ada a wurin mai sayarwa. Amma ga mai mota, yanke hukunci kafin awo ganganci ne. Kuma idan awo ya nuna gangar jikin injin lafiya take, sake haɗa shi ya fi sayen na hannu hikima.

Da farko, ba kowace ƙara ce ajalin inji ba. Injin dizal ba shi da fulogin tartsatsi irin na fetur. Yana matse iska ne, a tsofaffin injina fiye da sau 20, har ta yi zafin da man da nozul ya fesa zai kama da kansa. Idan nozul ya lalace yana ɗiga maimakon feshi, ko saitin famfon mai ya goce, ko an sha man gas mai ruwa ko gauraye, sai man ya taru ya fashe gaba ɗaya, ya ba da ƙara mai kama da ta injin da ya buga. Gwajin wannan ba shi da tsada. Akan sassauta bututun man kowane nozul ɗaya bayan ɗaya a gano silindar da ke ƙarar, sannan a musanya nozul ɗinta da na maƙwabciyarta. In ƙarar ta bi nozul, to matsalar ƙarama ce, kuma mai gyaran famfo zai gama da ita cikin yini.

In kuwa ƙarar ta tsaya a inda take, mai nauyi, tana ƙaruwa idan inji ya yi zafi, fitilar baƙin mai kuma tana ƙyaftawa a go-sulo, to zargi ya koma kan mital da kurankishaf. Nan ma akwai shaidun da ido ke gani: a sa agogon awo a duba ƙarfin baƙin mai, a juye man a duba ko akwai ɓurɓushin ƙarfe mai ƙyalli, a tsaga filta, a auna matsin kowace silinda, a kwance kaskon mai na ƙasa a ga mital ɗin. Gani ya kori ji. Daga wannan lokaci kuma wajibi ne a ajiye motar, domin ƙarin tafiyar 'yan kilomita na iya sa sandar fistin ta karye ta huda gangar injin, gyaran da zai yiwu ya zama asara.

Dalilin fifita gyara a bayyane yake. Waɗannan injina, irin su 5L da 1HZ na Toyota da OM617 na Marsandi, an zuba gangar jikinsu da baƙin ƙarfe mai kauri, kuma masu ƙera su sun tanadi a sake haɗa su. Shi ya sa ake sayar da mital mai kaurin da ya dace da kurankishaf ɗin da aka sassaƙe da milimita 0.25 ko 0.50, abin da makanikai ke kira 010 da 020, kamar yadda ake da fistin da ringi masu ƙarin faɗi. Wanda ya bi wannan hanya ya san abin da ke cikin injinsa ɗaya bayan ɗaya. Mai sayen tokumbo kuwa cinikin biri a sama yake yi. An daina ƙera Marsandi samfurin W123 tun 1986, saboda haka injin da za a kawo mata daga Ladipo sa'an wanda aka sauke ne. An dai wanke shi ya yi fes, ba a san tafiyar da ya yi ba, ba a san dalilin cire shi ba. Garantin 'yan kwanaki da ake bayarwa kan ƙare kafin aibi ya bayyana.

Masu goyon bayan tokumbo suna da hujjar da ba za a raina ba. Sun ga injina da yawa da aka haɗa suka sake bugawa kafin wata uku. Gaskiya ne, sai dai laifin na yadda aka yi aikin ne: jabun ringi da mital a cikin kwali mai kyau, haɗa inji a ƙasa cikin ƙurar hunturu, ɗaure ƙusoshin kan inji da ƙarfin dantse ba tare da sifana mai awo ba, da mantawa da abin da ya kashe injin tun farko, ko famfon baƙin mai ne ko lagireto da ya toshe. Irin wannan shi ne gyaran gangar auzinawa. Maganinsa a hannun mai mota yake. Ya nemi a rubuta masa awon kurankishaf da na silinda kafin a sayi komai, ya sayi kayan da kansa daga dillalin da ke ba da rasit, ya karɓi tsofaffin da aka cire, ya riƙe wani kaso na kuɗin aiki har sai motar ta yi tafiya, sannan ya lallaɓa ta a kilomita 1,000 na farko ya yi juyen mai da wuri. Ma'aikacin da ba ya sa hannu a fayil sai ya ga takardun shaida bai kamata ya saki kuɗinsa a kan jin kunne kaɗai ba.

Akwai lokacin da canji ya zama dole: idan ganga ta tsage ko ta huje, idan kurankishaf ya wuce awon ƙarshe ko ya lanƙwashe, ko idan jimillar kuɗin kayan gyara ta kusa kamo ta injin da za a iya gwadawa. A nan ma kada a biya sai an tayar da shi an ji, an auna matsinsa, an buɗe murfin mai an ga ko yana huci. A karɓi rasit mai ɗauke da lambar inji, a kuma gyara takardun mota a ofishin lasisi, domin lambar da ta saɓa da takarda fitina ce a shingen bincike da kuma ranar sayarwa.

Tambaya ta ƙarshe ba ta shafi inji ba. Idan tsatsa ta cinye ƙashin motar, giya na kuka, birki da ƙafafu duk sun gaji, to sabon inji a cikinta zuba ruwa ne a rariya, kuma sayar da ita yadda take ya fi cin bashi dominta. Amma inda jiki ke da ƙwari, awo kuma ya wanke ganga, tsohon injin da aka haɗa da gaskiya zai ƙara shekaru yana kai mai shi ofis. Kuɗin awo bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da kuɗin inji, kuma shi ne kuɗin farko da ya kamata ya fita daga aljihu.