Mai saye ne babban ɓarawo

Masu tara kayan tarihi a Turai da Amurka suna da hujjar da suke tinƙaho da ita: wai su masu ceto ne, da ba su saya ba da kayan sun salwanta. Wannan hujja ba ta da tushe, domin kuɗinsu ne ke haƙa ramin.

Dubi kudancin Italiya, inda Girkawan dā suka kafa birane irin su Taranto da Metaponto, suka buga kuɗaɗen azurfa da na tagulla. Ɗan kwabon tagulla da aka samu a ƙarƙashin bango yana faɗa wa masana lokacin da aka yi ginin. Idan ɓarawo ya tono shi da dare ya miƙa wa dillali, wannan shaida ta mutu har abada. Shi ya sa tun 1909 Italiya ta mayar da abin da ke binne mallakar ƙasa, a 1969 kuma ta kafa rundunar tsaron kayan tarihi ta musamman.

Mu ma mun ɗanɗana wannan. A shekarun 1990 aka yi ta kwasar mutum-mutumin yumɓu na Nok da Katsina da Sakkwato zuwa ƙetare, duk da dokar 1979 da ta hana fitar da su ba izini. A 2000 har gidan tarihi na Luba da ke Faris ya baje wasu daga cikinsu. Yawancin na Katsina, babu mai iya nuna ramin da aka ciro su.

Kwatanta da Durɓi ta Kusheyi, inda masana suka yi haƙa bisa ƙa'ida a 1992. Zinariya da hauren giwa da kayan ƙarfen da aka samu tare da mamatan sun nuna yadda ƙasar Katsina ke cuɗanya da duniya ɗaruruwan shekaru da suka wuce.

Manomin Yargoje ko Faskari da rashin tsaro ya raba da gonarsa, in ya tsinci tsohuwar tukunya ya sayar, yunwa ce ta sa shi. Mai sayen kuwa a ƙoshe yake, ya kuma san doka. Duk ɗan bokon da aka kawo wa irin wannan haja, ya ƙi saye, ya sanar da gidan tarihi na Katsina.